Wata Bakwai Ba Suna

Malam Kanta, baduku daga lungun Birni,
ya zauna gabana karo na huɗu,
hula a gwiwa, yatsu jajur da karan dafi.
Na ɗaura masa awo: jini lafiya lau,
kamar na saurayin da ya taso daga gona.

"To, lokotoro, jiya fa na leƙa lahira."
Da murmushi ya faɗa, don kada in ji kunya.
Kai ya sara, zuciya ta hau dukan ƙirji
kamar mai bin bashi a ƙofar gida,
zufa ta jiƙa riga har aljihu.
Kafin a ɗebo ruwa abin ya wuce,
ya bar shi a yashe kamar fatar da aka shanya a rana.

A Mirriya an ce iska ce, aka yi turare.
A kanti an ce hawan jini, aka sayar masa da ƙwaya.
Ni ma, in faɗi gaskiya, na rubuta "yawan tunani",
na ce ya rage shayi.
Jariri kwana bakwai ake yanka masa rago;
wannan baƙo wata bakwai yana cikin mutum,
yana ci, yana sha, ba shi da suna.

Ran nan 'yarsa Ubaida, 'yar aji shida,
ta miƙo mini littafin lissafinta na lakkol.
A shafin baya ta ja layi:
"Talata da hantsi, Baba ya duƙa kan fata.
Alhamis, ya duƙa ɗaukar bido.
Juma'a, a ruku'u.
Asabar babu, a kwance ya yini."
Wata uku, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba,
ba wanda ya sa ta, sai ƙauna.

Na karanta sau biyu. Duƙawa, duƙawa.
Dukawa dai aikinsu ke nan.
Sai wani darasi ya taso mini daga Yamai,
shekara goma sha ɗaya baya, la'asar, fanka ta mutu,
malaminmu yana cewa: wannan da wuya ku gan shi
ko sau ɗaya kafin ku yi furfura.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
amma mai shara ce ke fara taka danshi.
Ni da takarda a bango,
yarinya ce ta nuna mini abin da ya kamata in tuna.

Muka jira wuta ta dawo.
Na shafa masa mai a kwiɓi, na bi da na'ura.
Can cikin toka-tokar allo, bisa ƙodar hagu,
ga shi zaune, bai fi goruba ba,
ya lafe kamar duwatsun garin nan masu hawa kan juna.

Na ba shi bido, na ce ya tara fitsari dare da yini.
Ya yi dariya har da tari:
"A Damagaram, inda ake jera bido tun asuba don ruwa,
ni zan cika nawa in aika Yamai a mota?"
Ya sayar da buzu biyu da jakar da ya ɗinka wa kansa.
Kwana ashirin da uku amsa ba ta zo ba,
kowane dare sai ya faɗo a raina.

Da takardar ta iso, sunan ya cinye layi guda.
Na karanta masa gaɓa-gaɓa: fe-yo-kuro-mo-si-tom.
Ya gwada, harshe ya harɗe, ya bari.
"Ana cire shi?"
Na ce ana cirewa,
amma sai an lallashi jinin da magani tukuna,
kuma wuƙar ba a nan take ba, tana can yamma,
alkawari kuwa na Allah ne, ba nawa ba.
Ya gyaɗa kai:
"Abin da ke da suna ai ana kiran sa,
wanda ake kira kuma ana iya sallamar sa."
Ya sa hula.
A bakin ƙofa Ubaida ta waiwayo:
"In ci gaba da rubutawa?"
Na ce ki ci gaba.
Ta ce nata ya ƙare, ta nemi aron alƙalamina.