Giya Biyu

Asabar, ƙarfe shida. Healdsburg bai farka ba,
sai mai gasa burodi, da ni, da karen wani.
Ottavio na bakin gada yana jira,
shekara saba'in da huɗu, ƙwauri kamar muciya,
jar rigarsa ta koɗe ta koma ruwan ƙasa.
"Kin makara, Lantana."
Ban makara ba. Gaisuwarsa ke nan.

Muka miƙi hanyar Dry Creek.
Inabi dama, inabi hagu,
an yi wa tuddai kitso shuku-shuku
da hannun da bai san rawa ba.
Raɓa ta jiƙa mini gwiwa,
sarƙa na ƙis-ƙis, taya na lasar kwalta,
iska na warin tsami, an gama girbi shekaranjiya.

Na ce masa: a harshenmu kalma ɗaya ce,
abin da kuke matsewa ku ɗura a kwalba
da abin da nake sauyawa da ɗan yatsa in hawa ya matsa.
Giya.
Ya yi dariya har kekensa ya yi tangaɗi.
"To ke wacce kike sha?"
Na ce ta ƙarfe. Ita ma tana juya kai.

Daga nan hanya ta ɗaga hanci.
Wannan tudun ba ya karɓar cin hanci.
Ba ya tambayar takardar zama,
bai damu da daren da na kwana tsaye a asibiti ba,
numfashi kawai yake so, kuma lakadan.
Cinya ta kama wuta.
Na tuna keken Baba, baƙi, mai giya ɗaya tak,
buhun barkono a baya, ni a kan ƙarfen gaba,
yana hawan tudun Kwatarkwashi yana fito,
ni kuwa ina atishawa.

Shekara uku ina bin bayan jar rigar nan.
Yau na ɗaga kai, ban gan ta ba.
Na waiga.
Can ƙasa, a kwana ta biyu, ya sauka,
yana tura keken kamar mai jan akuya kasuwa.

Na tsaya. Na zame sarƙata da gangan,
na shafa baƙin mai a yatsu, na durƙusa.
Da ya iso ya dubi sarƙar, ya dube ni.
Shekara arba'in ya yi yana gyaran keke.
"Muguwar sarƙa," ya ce.
Na ce, wallahi kuwa.

Muka ƙarasa da ƙafa.
A ƙoli akwai ƙyaure mai lambobi, da sunan wani kamfani.
Ya nuna kututture guda, baƙi, a murɗe kamar hannun mai sanyin ƙashi.
"Kakana ya zo da shi daga tsaunukan Italiya,
reshe ɗaya, a soke cikin dankali don kada ya bushe,
kwana ashirin a jirgin ruwa.
Shi ya yi amai, reshen bai yi ba."
Gonar ta tafi tun ran da banki ya aiko wasiƙa.
Itacen dai ba wanda ya gaya masa.

Ya zura hannu ta waya,
ya tsinko ɗan nonon da masu girbi suka manta.
Na ce wannan fa sata ce.
Ya ce, a'a, ziyara.
Ƙanana ne, fatar da kauri, zaƙin har ƙeya,
ƙwallon na ɗaci in ka tauna.
Na ci nawa tun bai zama komai ba,
tun yana ɗan itace, halal, da ƙura a jikinsa.

A gangara ba a tsufa.
Ya kwanta kan kan keken, ya wuce ni kamar shirwa,
jar rigar na kaɗawa,
ina jin muryarsa iska na yayyaga ta:
"Kin makara!"

Na riƙe birki kaɗan.
Yatsuna baƙin mai da shunin inabi,
har Litinin bai fita ba.