Littafin Aljihu a Bakin Kubanni

Asabar, bazara ta kai wuya.
Na jingine keke a gindin aduwa,
na gangara inda ruwa ya janye jiki
ya bar laka da faso kamar diddigen manomi.

Barau, wasiƙarka tana aljihuna.
Ka ce a can hamada ta gangaro har bakin teku,
wani buzuzu yakan hau tudun rairayi da asuba,
ya kifa kai, ya ɗaga gindi,
ya sha raɓar da ta taru a bayansa.
Na karanta sau uku. Na ji ƙyashi, ban ɓoye ba.

To, ga tawa hamadar, taku arba'in ce
daga gonar albasar Jatau zuwa gaɓa.

Ƙarfe bakwai da kwata:
kurkudu ya haƙa mazurari goma sha ɗaya.
Tururuwa ta zame a na huɗu,
ta yi ta haurowa, yashi yana tsiyaye mata.
Ban cece ta ba. Na rubuta.

Tumfafiya tsaye, ganye kamar an barbaɗa toka,
ba akuyar da ta ko kalle ta.
Gawo kuwa, mai saɓa wa dangi,
kore shar, yanzu da kowa ya tuɓe.

Sawun guza: jan wutsiya a tsakiya,
yatsu biyar hagu, huɗu dama.
Shi ne dai na bara, wanda tarko ya gutsure.
Yana nan ashe!
Zalɓe ɗaya a sauran ruwa, bai motsa ba
har na gama feƙe fensir.

Can yamma Kufena ya yi ruf da ciki,
zafi na rawa a gadon bayansa.

Jatau ya kashe injin ban-ruwa, ya ƙwalo:
“Malam, yau ma me ya ɓace?”
Na ce babu.
Ya zo, ya caka sanda a busasshiyar laka,
ya ce, “Gaiwa na ƙasan nan, ta naɗe tana barci,
sai shamuwa ta dawo.”
Shekara talatin ina liƙa ganye a takarda a Samaru,
ban taɓa sanin a kan mai rai nake tsaye ba.

Na tsuguna, na kara kunne.
Shiru, sai bugun jinina.

Barau, zan ba ka amsa da daddare.
Tifar masu ɗibar yashi ta iso,
ramukan kurkudu saura bakwai.