Kwana Ɗaya a Kan Dutsen Riruwai

Mun bar mota a gindin tsamiya,
inda kwalta ta gaji, ta sallama wa burji.
Sallau mai gadin daji ya dubi takalmana, ya yi dariya:
"Wannan na ɗaurin aure ne, Malam."
Nasa kuwa silifa ne, an ɗaure bakinsa da waya,
sai sanda, sai gora, sai ɓarin goro a kunci.

Muka kama hawa,
ni da ƙanena Nalado da buhun tanti na aro.
Kaka ta shigo, gamba ta kai mana kafaɗa,
tana yankar hannu kamar mai bin tsohon bashi.
Sau uku na tsaya wai ina gyara igiyar takalmi,
sau uku Sallau ya gane numfashi nake nema.
Bai tona ni ba.

A sama muka zazzage buhu, turaku huɗu suka faɗo.
Nalado ya rantse shida ya ƙirga a gida.
Ko goma ne ma, fa ba ya karɓar turke.
Muka danne gefen tanti da duwatsu,
ya tsaya a karkace kamar hular ɗan tauri.

Gab da magariba gwaggon biri ya sauko,
ya sure burodinmu har da leda,
ya koma inda jifa ba ya kaiwa,
yana ci yana mana kallon mai gida
ga baƙon da ya shigo ba sallama.
Sallau ya ce, "Kuɗin ƙasa ne. Kun biya."

Shayi ba burodi, hayaƙi a ido.
Ya nuna gangare da haɓa, yana kiran kututture da suna,
kamar mai lissafa mamatan unguwa:
"Wancan maɗaci ne. Wancan ƙirya. Na bayansa ƙawo,
a inuwarsa na yi barcin rana shekara ashirin.
Duk sun tafi birni a buhun gawayi.
Wa ya sani, ko da shi aka dafa maka shayin jiya."
Na ajiye kofi. Na sake ɗauka, don sanyi ba ya jin kunya.

Shiru na zo nema.
Wanda ya ce daji shiru ne bai taɓa kwana a ciki ba:
gyare, kwaɗi, mujiya mai tambaya ɗaya tak,
ruwa na zuba a wani kwazazzabo da ban gani ba,
ga minsharin Nalado ya fi su duka.
Wani tsinin dutse ya sami haƙarƙarina ya zauna.

Tsakar dare na fito.
Can ƙasa tsoffin ramukan kuza sun cika da ruwan damina.
Kakana Ɗantala ya yi haƙa a nan, in ji Inna,
shekara bakwai,
ya koma gida da tari da agogon da ba ya tafiya.
Ban san wane rami ne nasa ba.
Na zaɓi ɗaya, na ba shi.
A cikinsa kaza da 'ya'yanta sun sauko shan ruwa,
suna rawar sanyi, ba wanda ya kore su.
Na karanta masa abin da ya sawwaƙa,
na daɗe a tsugune har ƙafa ta mutu.

Da asuba ruwan alwala ya ciji yatsu.
Sallau ya nuna gabas da sanda, ya ja mu salla,
hazon raɓa kwance a ƙasanmu kamar auduga a faifai.
Ya sa muka kashe wuta da ruwa, muka bi ta da ƙasa,
ya tsince ledar birin ma, ya cusa a aljihu.

Gangara ta fi hawa mugunta, gwiwa ce shaida.
A gindin tsamiya na buɗe bayan mota,
ga turaku biyu kwance kusa da taya.
Nalado ya ce, "Ai na faɗa maka shida ne."