Man Birki

A Mabera, bayan la'asar, da zafi ya ɗan saki wuyan gari,
na zazzage akwatin Lawwali a kan tabarma.
Tsofaffin rasit, makulli marar kwaɗo, hular sanyi,
can ƙasa kuma sai ga ta:
tirelar roba, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba,
da direbanta, ɗan mutum kamar ƙwallon dabino,
an dulmuye su cikin kore,
koren nan na ƙofar gidanmu
da ya rage a gwangwani shekarar da aka ja mana lantarki.

Fenti ya toshe tagogi, ya haɗiye ƙusoshin taya.
Direba ba ido, ba hanci,
yana riƙe da sitiyari cikin duhu shekara ashirin da ɗoriya.

Na fara da wuƙa, ta gatsi gefen ƙofa.
Na ɗiga fetur a madubin gefe,
ya yi laushi kamar alewa a aljihun yaro,
ya lanƙwashe, ya tafi.

Malami bakanike, na kusa da tasha, ya juya ta a tafinsa:
"Roba ta, malam, ba ƙarhe ba.
Nemi man birki ka jiƙa ta,
ka ruhe, ka mance da ita kwana ukku."
Ban ce komai ba. Shi ma sai ya tuna,
ya sunkuyar da kai, ya tsiyaya mini a kwalba,
ya ƙi karɓar kuɗi.

Na nutsar da ita a tsohuwar robar fura,
na ɗora bisa kabad, inda hannun Luba ba ya kai.
Kwana uku ina leƙe
kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe.

Ran na huɗu kore ya yamutse, ya yi saɓa.
Na ɗaura leda a hannu,
na ɗauko burushin haƙori da ya gama aikinsa,
da tsinken sakace saboda lunguna.
A hankali. Abin ba ya son ƙarfi.

Ƙarƙashin kore akwai ja.
Jan-farcen Hajo ne, na gane shi,
har dukan da ya sha a kansa na gane,
yana kuka yana hura wa motar iska ta bushe.
Ƙarƙashin ja, shuɗin biro,
an goga, an goga, har baki ya ƙare.
Ƙarƙashin shuɗi kuma ba komai sai ita kanta,
launin toka, sumul,
kamar ranar da Baba ya fito da ita daga aljihun riga.

Direba ya samu ido.
Ashe ma da gashin baki.

A goshin motar, da bakin allura,
rubutun ɗan aji uku, harafi na hawa kan harafi:
SAI NA DAWO.

A cikin rufin kuma, inda ya manna kujera,
gam ya daskare da zanen babban yatsansa,
layi bayan layi, kamar kunyoyin gona daga nesa.
Man bai ci wannan ba.

Man birki.
Shi aka ce ya tsiyaye masa a gangaren bayan Kwantagora,
da lodin albasa, da asuba.
Cikin kwalba guda bai cika ba.
Ga shi yau a robar fura, ya yi kore,
yana yi mini aiki a hankali.

Na wanke ta da garin sabulu, ruwa uku,
na shanya a inuwar dogonyaro, kada rana ta tanƙwara ta.
Luba ta tsuguna tana kallo.
"Baba, wane launi za ka sa mata?"

Ƙaramin gwangwanin fari na aljihuna tun jiya,
ban fasa murfinsa ba.
Bayan kunnen direba akwai ɗigon kore
da tsinke ya kasa kaiwa.
Na ce mata, bari dai ta bushe.