Lissafi a Bayan Takardar Wuta

A bayan takardar kuɗin wuta na fara lissafi,
Barira na tsintar shinkafa, tana leƙen alƙalamina.
Nawa huɗu, nata uku,
sai Tasi'u da muka haifa tare, mai haƙora biyu.
Mu goma ke nan in ba a ƙirga Iya ba,
to wa ya isa ya tsallake Iya?

Yaran suka ce Yankari.
Na je Kwangila na tambayi kuɗin shata,
direba ya faɗa,
na yi masa sannu da aiki, na juyo.

Barira ta ce, "Malam, iya kuɗinka iya shagalinka.
Ga dutsen Kufena can, kullum sai hange,
a cikinmu wa ya taɓa hawa?"
Shiru.

Nan lissafi ya sauko ya zauna a tabarma.
Bas ɗin Ɗanlami, mai kawai za mu zuba.
Dafa-duka kula biyu, zoɓo a jarka,
rake dami ɗaya daga Tudun Wada,
ita za ta yi cinikin, ni kunya ke cuta ta.

Saura rigimar bakin taga.
Mudassir nawa da Sagir nata,
wata takwas ba su haɗa kwano ba,
na jiyo su a zaure suna ƙus-ƙus:
"Kai a tafiya, ni a dawowa."

Na ninke takardar a hankali.
Naira ɗari bakwai ta yi ragowa.
Iya ta ɗago daga kan carbi
ta ce na goronta ne.