Sha Ɗaya

Tun ladanin Birni bai gyara murya ba
na ƙirga su a bakin tasha:
sha ɗaya. Alluna bakwai,
waɗanda kafinta ya fere mana a Zango,
ya goge cikinsu da kyandir har suna ƙyalli.
Jarka huɗu ta ruwa, igiya, bandeji,
gishiri da sukari a ƙulle cikin leda,
da lambar wayar kowace uwa
a takardar da na cusa cikin hula.

Uwar Narwa ta riƙe mini hannun riga.
"Mushe, shi ke nan gare ni."
Ban amsa ba. Me zan ce?
Amana ba ta son dogon bayani.

Muka bar Mirya a baya, muka bar Gidimuni,
muka sauka daga kwalta, mota ta soma tari.
Can kusa da Gure sai ga tudun rairayi
ya durƙusa kamar amale,
iska ta share masa doro cikin dare.

Ni na fara hawa, ba allo, sai sanda.
Ina sukar yashi ina jin amsarsa:
nan da tauri, nan zurmi ne.
A gindin gangara kututturen aduwa ya ɓuya,
kansa kaɗai ya leƙo.
Na ɗaura masa jan ƙyalle.

Na ce: ɗaya bayan ɗaya,
kuma sai na ɗaga hannu.
In faɗuwa ta zo kar ku yi mata gardama,
ku ba ta mazaunai,
kar ku tare ƙasa da tafi.

Falmata ta fara. Ta karya gwiwa, ta buɗe hannuwa,
allon ya ce shuuu,
ihunta ya riga ta isa ƙasa.
Kyari ya yi adungure sau uku,
ya miƙe yana tofar da yashi yana dariya,
haƙora duk ƙasa.

Tsahiru ne ya hango ɗaya fuskar tudun,
wadda ta tsaya ƙyam kamar katangar gidan sarki.
"Can za ni."
Na ce a'a.
"Mushe, tsoro kake ji."
Ƙwarai kuwa, yaro. Tun jiya nake ji.
Tsoron nan shi ne kayan da na ɗauko
don ku hau ba kaya.
Ya kumbura baki. Na bar shi da kumburinsa,
kumburin baki ba ya kai mutum asibiti.

Da rana ta take tsaka, yashi ya zama tanda.
Na busa usur. A sha ruwa, ko ba ƙishi.
Na ƙirga.
Goma.
Na sake, ina dafa kawuna.
Goma.

Ban yi ihu ba. Jagora in ya yi ihu
goma sai su watse su zama biyar.
Na zaunar da su a inuwar mota,
na ba Barira usur, na bi sawu:
ƙafar dama da takalmi, ta hagu babu.

A bayan tudu na same shi zaune,
yana cire ƙarangiya daga dunduniya
ɗaya, ɗaya, ya cije leɓe.
Ya ji kunyar kira ne.
Na durƙusa na taya shi,
hannuna na rawa, na ce zafin yashi ne.

Bayan magariba muka shigo Damagaram,
duwatsu sun yi baƙi, fitilu sun kunnu.
Na sauke su ƙofa ƙofa,
ina soke suna bayan suna a takarda.

Uwar Narwa ta shafa kansa, yashi ya zubo.
Ta dube ni. "Kai fa, Mushe, ka sulalo?"

Sai a lokacin na tuna da allona.
Yana ƙarƙashin kujera,
kyandirinsa ko ƙwarzane babu.