Layi na Tara

Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya riga ya rufe Antwerp,
yayyafi na sauka a kan kogin Scheldt,
ni kuwa, Godelieve Maertens, mai awon tsoro a hawa na shida,
ina gaban allo da gahawar da ta huce.

Litinin kwamishina yake son jerin.
Barazana tara, jami'ai arba'in da ɗaya,
ɗayar ma tana hutun haihuwa.
"Jera mini su, babba a sama," in ji shi,
sai ka ce kwanuka ne a kan kanta.

Ta farko ba gardama:
hodar iblis a ƙarƙashin ɗanyar ayaba,
kwantena sun fi gashin kai, hannuwanmu ba su kai ba.
Na ba ta ja. Kowa zai gyaɗa kai.
Jarida na son ta, majalisa na son ta,
tana yin kyau a hoto in an jibge ta kan tebur.

Ta biyu, masu sayen ma'aikatan tasha.
Tuur, direban ƙugiya, shekara ashirin babu tabo,
ya tsinci ambulan a gilashin motarsa.
Ba kuɗi a ciki.
Hoton 'yarsa ne a ƙofar makaranta,
lambar kwantena a bayansa.
Ja.

Sai kuɗin da ke wanka a shagon da ba ya ciniki,
sai masu kiran tsofaffi da muryar banki,
sai bindigogi, sai magani na jabu,
sai ɓarayin da ke kulle asibiti daga nesa,
sai kekunan da ke ƙetare iyaka cikin dare.
Wannan ja, wannan ruwan ɗorawa, wancan kore.
Girman ɓarna sau yiwuwar aukuwa,
haka aka koya mini lissafin.
Amma lissafi ba ya jin abin da ba a faɗa ba,
wanda bai kawo ƙara ba sifili yake ci.

Layi na tara: shagunan gyaran farce.
Ƙara biyu a shekara. Ba gawa, ba gurneti.

Ranar Asabar na zauna a ɗaya daga ciki.
Thuy sunanta, ko haka aka ce ta ce.
Ta riƙe yatsuna kamar ƙwai,
ba ta ɗaga ido ba sai da mutumin bakin ƙofa ya fita shan taba.
Bayan labule na hangi katifa uku
da tukunyar shinkafa a ƙasa.
Na ce, yaushe rabonki da gida?
Ta ce, wane launi kike so?

Bargonmu gajere ne, na sani.
In na ja shi ya rufe mata ƙafa,
kan 'yar Tuur zai fito waje.
Sau uku na ɗaga layin zuwa na shida,
sau uku alƙaluma suka mai da shi.

A ƙasan shafi na rubuta da ƙaramin baƙi:
"Shirun nan ba lafiya ba ne, rashin saninmu ne."
Wataƙila ya karanta. Yakan tsaya a shafi na biyu.

Na tura. Na kashe fitila.
A tarago, hannuna a kan ƙarfe mai sanyi,
na dubi farcena goma.
Jan da layi na tara ya samu ke nan,
ita ma da kanta ta shafa.